Darasi: Yadda Za Mu Gane Ekklesiyar Kakanninmu

A cikin littafin Ezra sura 2, daga aya 59 zuwa 63, akwai labarin waɗansu mutane da suka komo daga bauta a Babila tare da 'yan'uwansu, amma ba su iya nuna gidan ubanninsu ba. Waɗansu cikinsu sun ce su zuriyar firistoci ne. Aka nemi sunayensu cikin littafin asali, ba a samu ba, sai aka hana su aikin firist. Mun gode wa Allah da yake cetonmu bai rataya ga takarda ba. Duk da haka Bulus ya san sunan kakar Timoti da na uwarsa, ya kuwa tuna masa da bangaskiyarsu cikin 2 Timoti 1:5, domin ya ƙarfafa shi. Ashe abu mai kyau ne mai bi ya san ta hannun wa bishara ta shigo gidansu.

Wannan magana ta shafi 'yan'uwa da ke Kaya, da Maradun, da Talata Mafara, da Bakura, da sauran garuruwan Zamfara ƙwarai. Da yawa cikinsu ba a nan aka yi wa iyayensu baftisma ba. Waɗansu aikin jirgin ƙasa ya kawo kakanninsu, bayan da hanyar dogo ta kai Kaura Namoda a 1929. Waɗansu aikin madatsar ruwa ta Bakolori ya kawo iyayensu tsakanin 1974 da 1978. Waɗansu kuma malaman makaranta ne, ko ma'aikatan asibiti, ko 'yan sanda, daga Adamawa, da Borno, da Filato, da Muri, da Zuru. Idan ka tambayi yaro wace ekklesiya ce ta kakansa, sai ya ce, "Ai Kirista ne, ɗan mishan." Iyakar saninsa ke nan. Ranar da fasto ya nemi shaidar baftismar iyaye, ko maganar aure ta taso, ko ana son a rubuta tarihin tsoho don ranar jana'iza, sai a rasa inda za a nufa.

Dalilin da ya sa muke duban Jamus

Watakila wani zai ce, ina ruwanmu da Jamusawa? Amsa ita ce, saiwar ekklesiyoyi da yawa na ƙasarmu tana can. A Jamus da ƙasashen da ke maƙwabtaka da ita aka fara Gyaran Ekklesiya. Daga can mutane suka yi ƙaura zuwa Amurka da Kanada, kowa ɗauke da ekklesiyarsa. Jikokin waɗannan baƙi su ne waɗansu daga cikin masu mishan da suka zo Garkida, da Bambur, da Shonga. Har wa yau zuriyar Jamusawa a Amurka, idan suna binciken asalinsu, wahalar da suke sha irin tamu ce. Sukan tarar da suna ɗaya a kan ekklesiyoyi dabam dabam, su yi ta neman kakansu cikin littafin da ba nasa ba. Idan mun gane yadda suke rarrabewa, mu ma za mu iya.

Rassa uku na farko

Reshe na fari shi ne na Luteran. Martin Luther ya fito da maganganunsa 95 a garin Witenbag a 1517. Ya rubuta Ƙaramin Katekism a 1529 domin koya wa yara, aka kuma miƙa shaidar bangaskiya ta Augsbag a 1530. Luteran suna yi wa jarirai baftisma, da iyayen baftisma a tsaye. Idan yaro ya girma, sai ya shiga aji a yi masa tabbatarwa kafin ya ci Jibin Ubangiji.

Reshe na biyu shi ne na Rifom, watau mabiyan koyarwar Zwingli na Zurik da Kalbin na Janiba. Luther da Zwingli sun sadu a Marbag a 1529. Sun yarda a kan abubuwa da yawa, amma a kan ma'anar gurasa da ƙoƙon Jibin Ubangiji ba su daidaita ba. Littafin koyarwar Rifom na Jamus shi ne Katekism na Haidelbag, na shekara ta 1563. Su ma suna yi wa 'ya'yan masu bi baftisma tun suna jarirai. Ɗakunan sujadarsu ba su da ado, dattawa kuma suna da babban matsayi cikin mulkin ekklesiya.

Reshe na uku shi ne na waɗanda suka ce sai mutum ya ba da gaskiya da bakinsa kafin a yi masa baftisma. Sun fara a Zurik a watan Janairu 1525. Hukuma ta tsananta musu, har aka nutsar da ɗayansu, Felix Manz, cikin kogi a 1527. Menno Simons ya bar aikin firist na Katolika a 1536 ya bi su, daga sunansa aka sami Menonayit. Ba su rantsuwa, ba su ɗaukar makami. A 1693 waɗansu suka ware a bayan Jakob Ammann, su ne ake kira Amish.

Sai mu lura da wani abu. A 1555 aka yi yarjejeniya a Augsbag cewa sarkin kowace ƙasa shi zai zaɓi addinin talakawansa, ko Katolika ko Luteran. Bayan yaƙin shekara talatin, a 1648, aka shigar da Rifom cikin yarjejeniyar. Reshe na uku kuwa ba a ba su wuri ba. Saboda haka mai bincike yakan fara da tambaya cewa, daga wace ƙasa kakan ya fito? Mutumin Saksoni ko Wurtembag galibi Luteran ne. A ƙasar Falz, kusa da kogin Rain, Rifom suna da yawa. Gari yakan nuna ekklesiya. Mu riƙe wannan, gama za mu komo kansa sa'ad da muka zo ga ƙasarmu.

Rassan da suka tsiro daga baya

A 1708, a wani ƙauye mai suna Shwazanau, mutum takwas, maza biyar mata uku, suka shiga kogin Eda aka yi musu baftisma. Shugabansu Alexander Mack ne. Suka kira kansu 'Yan'uwa. Baftismarsu dabam ce: mutum yakan durƙusa cikin ruwa, a nutsar da shi ta gaba sau uku. Suna wanke wa juna ƙafafu, su ci abincin ƙauna tare, kana su ci Jibin Ubangiji. Tsanani ya sa suka ƙaura zuwa Pensilbaniya a 1719 da 1729.

A 1722 waɗansu 'yan gudun hijira daga ƙasar Morabiya suka zauna a gonar Zinzendorf, suka kafa garin Hernhut. Su ma 'Yan'uwa suke kiran kansu, amma suna yi wa jarirai baftisma. Tun 1732 suka fara aika masu bishara ƙetaren teku, suka kuma kafa garin Baitalami a Pensilbaniya a 1741.

A Amurka kuma farkawa ta haifi waɗansu ƙungiyoyi biyu cikin masu jin Jamusanci. Philip Otterbein, faston Rifom, da Martin Boehm, mai wa'azin Menonayit, suka kafa Haɗaɗɗun 'Yan'uwa Cikin Kristi a 1800. Jacob Albright, wanda aka haifa a gidan Luteran, shi ma ya tara tasa jama'a, aka kira ta Ƙungiyar Ebanjelika. Tsarinsu duka biyu irin na Metodis ne. Suka haɗu a 1946, kana a 1968 suka haɗu da Metodis.

Tarkon suna

Hausawa sun ce, kama da wane ba ta wane. Kalma biyu ne suka fi ɓad da masu bincike.

Ta fari ita ce Ebanjelika, watau "na Bishara." A Jamus wannan kalma tana nufin duk wanda ba Katolika ba daga cikin manyan rassa biyu. A 1817, shekara 300 bayan Luther, sarkin Purusiya Friedrich Wilhelm na Uku ya haɗa Luteran da Rifom na ƙasarsa su zama ekklesiya ɗaya da wannan suna. Saboda haka takardar da ta ce mutum Ebanjelika ne ba ta gaya mana ko Luteran ne, ko Rifom, ko na haɗaɗɗiyar ekklesiya. A Amurka kuwa kalmar tana iya nufin mutanen Albright. A wurinmu ma tana cikin sunan ECWA, da ERCC, da ekklesiyar EERN ta Nijar, alhali ba dukansu ne suke da tushe ɗaya ba.

Ta biyu ita ce 'Yan'uwa. Mutanen Mack, da na Hernhut, da na Otterbein, da wani reshen Menonayit na Kanada da Amurka, duka suna da wannan kalma cikin sunansu. Wanda ya ji an ce kakansa "ɗan 'Yan'uwa" ne, bai gama tambaya ba tukuna.

Akwai kuma tarkon gini. A ƙauyukan Pensilbaniya sau da yawa Luteran da Rifom sukan haɗa kuɗi su gina ɗakin sujada ɗaya, wannan Lahadi na waɗannan, mai zuwa na waɗancan. Makabarta ɗaya ce, amma kowa da fastonsa, kowa da littafin rajistarsa. Ganin kabarin kaka a bayan wani ɗakin sujada bai isa shaida ba.

Baftisma ita ce mabuɗi

To, da me ake rarrabewa? Da yadda ake baftisma, gama daga nan ne irin littattafan da ekklesiya ke ajiyewa ya fito. A Jamus ba a fara rubuta haihuwa da aure da mutuwa a ofishin gwamnati a ƙasar duka ba sai 1876. Kafin wannan littafin fasto ne shaida. Luteran da Rifom, da yake suna yi wa jariri baftisma cikin 'yan kwanaki, littafinsu yakan nuna ranar haihuwa, da sunan uba da uwa, da sunan iyayen baftisma, waɗanda galibi dangi ne. Menonayit da mutanen Mack ba su da littafin baftismar jarirai ko kaɗan. Su a bangon Littafi Mai Tsarki na gida suke rubuta haihuwar 'ya'yansu. Mutum zai iya shekara yana neman kakansa cikin rajistar jarirai, alhali kuwa a ekklesiyar kakan ba a taɓa yin irin wannan rajista ba. Rashin suna cikin littafi shi ma wata shaida ce, ga mai lura.

Yadda rassan suka iso ƙasarmu

Yanzu sai mu komo gida, mu bi su ɗaya ɗaya.

Karl Kumm Bajamushe ne, an haife shi a 1874. Shi ne ya ja gaba wajen kafa mishan na SUM a Birtaniya a 1904, a wannan shekara kuma ya iso Wase da abokan aiki uku. SUM ba ta ekklesiya ɗaya ba ce. Tana da rassa daga ƙasashe dabam dabam, kowane reshe aka ba shi yankinsa. Daga aikin reshen Ingila aka sami COCIN, mai hedkwata a Jos.

Reshen Danmak shi ne na Luteran. Dokta Niels Bronnum ya isa Numan a 1913, daga nan LCCN ta fito. Mu lura, shi mutumin Danmak ne, koyarwar ce ta Luther. Akwai wata ekklesiyar Luteran kuma a kudu, a ƙasar Ibibiyo, wadda Henry Nau ya zo dominta a 1936 daga Luteran na Amurka zuriyar Jamusawa. Ita ce mai hedkwata a Obot Idim. Littattafan waɗannan biyu ba wuri ɗaya suke ba.

C. W. Guinter, daga zuriyar ƙungiyar Albright, ya zo Wukari a 1906, kana ya buɗe aiki a Bambur a ƙasar Wurkun a 1923. Wannan ita ce ekklesiyar Muri, wadda ta zama Haɗaɗɗiyar Metodis bayan haɗuwar da muka ambata. Tsofaffin takardunta suna iya ɗauke da haruffan EUB.

Johanna Veenstra ta zauna a Lupwe kusa da Takum daga 1921, ta rasu a Vom a 1933. Iyayenta zuriyar Holan ne, ekklesiyarta Rifom ce. Daga wannan aiki CRCN ta fito, Katekism na Haidelbag kuwa yana cikin littattafan koyarwarta.

Mutanen Mack sun aiko H. Stover Kulp da Albert Helser. Suka yi sujada ta fari a gindin tsamiya a Garkida ran 17 ga Maris 1923, aka yi baftisma ta fari a 1927. Ita ce Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, EYN, mai hedkwata a Kwarhi kusa da Mubi. Mishan na Basel, wanda aka kafa a Siwizalan a 1815, ya yi aiki a Gavva a yankin Gwoza, masu bi na wurin kuma suka shiga EYN.

A. W. Banfield ya fara zuwa tare da SIM, kana ya komo a 1905 a ƙarƙashin reshen Menonayit na Kanada, ya zauna a Shonga a ƙasar Nupe. Aikin ya bazu har Salka, da Zuru, da Tungan Magajiya. Ita ce UMCA, mai hedkwata a Ilorin. 'Yan'uwa da suka fito daga ƙasar Zuru, maƙwabtanmu na kudu maso yamma, su lura da wannan.

SIM kuwa ta fara da Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham a 1893. Ma'aikatanta daga ekklesiyoyi iri iri suka fito. Ita ce ta yi aiki a lardin Sakkwato na dā, wanda Zamfara ke cikinsa kafin a ba ta jiha a 1996, har da asibitin kutare na Amanawa. A Nijar ma ta yi aiki a Zinder, da Tsibiri kusa da Maradi, da Galmi. Ekklesiyoyinta na Nijeriya sun zama ECWA a 1954. Baftismarsu ta masu bi ce, ta nutsarwa. Idan kakanka ɗan ƙasar nan ne, ya kuma ba da gaskiya a nan, sai ka fara neman sunansa a wurinsu.

Kada mu manta da James Frederick Schön. Bajamushe ne, a Basel ya yi karatu, amma a ƙarƙashin CMS ta Angilikan ya yi aiki. Ya hau kogin Kwara tare da Samuel Ajayi Crowther a 1841, ya buga ƙamus na Hausa a 1876. Labarinsa yana koya mana cewa ƙasar mutum ba ita ke nuna ekklesiyarsa ba kullum. Gari yakan nuna hanya, amma sai an ƙara da wata shaida.

Tarkon suna a takardunmu

Mu ma muna da namu tarko. A 1955 ekklesiyoyin da suka fito daga rassan SUM da na 'Yan'uwa suka kafa Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Sudan, TEKAS, wadda daga baya ta zama TEKAN. A lokacin kowacce tana amsa sunan EKAS, sai a ƙara sunan yanki ko na reshe. Lardin Gabas na 'Yan'uwa ne. Muri na mutanen Guinter ne. Binuwai na Rifom ne. Filato da Bauci na reshen Ingila ne. Dutsen Mada na reshen Afirka ta Kudu ne, su ne ERCC yanzu. Na Adamawa kuwa Luteran ne. Saboda haka idan ka ga EKAS ko EKAN a katin baftisma, karanta abin da ke biye, ka dubi sunan gari da hatimi. Kalmar Sudan a nan kuma ba ƙasar Khartum take nufi ba. Tsohon suna ne na yankin ƙasashen baƙar fata da ke kudu da bakin Sahara.

Haka kuma HEKAN, wadda aka kafa a Kaduna domin 'ya'yan waɗannan ekklesiyoyi da aiki ya kai su birane, ta yi kama da ɗakin sujadar haɗin gwiwa na Pensilbaniya. Mutum zai iya shekara talatin yana sujada a HEKAN, ko a cocin bariki, ko a ECWA ta Gusau, alhali baftismarsa tana rubuce a Numan ko Lassa. Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932 da Littafin Waƙoƙi ma ba su rarrabewa, gama kusan kowa da su yake amfani.

Matakai bakwai na bincike

1. Fara da tsofaffi tun suna da rai. Da tsohuwar zuma ake magani. Tambayi kaka, da gwaggo, da kawu, ka rubuta abin da suka faɗa da ranar da suka faɗa.

2. Tambayi gari. Daga wane ƙauye kakan ya fito, wace tashar mishan ce kusa da su, a wace makaranta ko asibiti ya zauna? A zamanin Turawa an raba wa mishan yankuna, saboda haka ƙauye yakan nuna reshe.

3. Tambayi yadda aka yi baftisma. Yana jariri ne ko ya girma? An yayyafa ruwa ne ko an nutsar? Sau ɗaya ko sau uku? Akwai iyayen baftisma? An yi masa tabbatarwa, wa kuma ya ɗibiya masa hannu, fasto ko bishop? Idan tsohuwa ta tuna ana wanke ƙafafu ranar Jibin Ubangiji, an kuma nutsar da ita sau uku, ka nufi EYN. Idan ta ce "uwar baftismata," ka dubi Luteran ko Angilikan. Idan ta ce miƙa ta aka yi tana jaririya, sai da ta girma aka kai ta rafi, ka dubi ECWA, ko UMCA, ko Baptis.

4. Buɗe akwatin gida. Dubi bangon Littafi Mai Tsarki, da katin baftisma, da katin Jibin Ubangiji, da takardar aure, da wasiƙar sallama daga wata ekklesiya, da katekism, har da tsohon zanen Zumuntar Mata, gama haruffan ekklesiya sukan kasance a jikinsa.

5. Lura da sunaye. Da yawa sun ɗauki sabon suna daga Littafi Mai Tsarki ranar baftisma. A makaranta kuma akan rubuta sunan gari a maimakon sunan uba. Turawa ma sukan rubuta suna yadda kunnensu ya ji. Nemi sunan yanka, da sunan baftisma, da laƙabi, ka kai su duka wurin mai littafi.

6. Rubuta wa ekklesiyar garin da ladabi, ta hannun fastonka. Ka ba da suna, da gari, da shekarar da kake tsammani. Idan ba a samu a can ba, a nemi ofishin gunduma, kana hedkwata. Ma'ajiyar takardun gwamnati ta Kaduna da laburaren TCNN a Bukuru suna taimakon mai neman tarihin tashoshin mishan. Takardun Turawa da yawa suna ƙetare: na 'Yan'uwa a Elgin ta Amurka, na Basel a Basel, na reshen Ingila na SUM a Edinbara.

7. Kada ka rubuta zato a matsayin gaskiya. Abin da ka gani a takarda, ka ce ka gani. Abin da aka gaya maka, ka ce wane ya faɗa. Matambayi ba ya ɓata.

Kada mu yi jinkiri

Takarda ba ta da ƙarfi. Gara tana ci, ruwa yana jiƙawa, wuta tana ƙonewa. A watan Oktoba 2014 Boko Haram suka shiga Kwarhi, hedkwatar EYN, ɗakunan sujada masu yawa kuma aka ƙone su a Borno da Adamawa. A Zamfara ma fitinar 'yan bindiga ta tashi ƙauyuka, mutane suka gudu da abin da hannu ya iya ɗauka. Wanda ke gudun ransa ba ya tuna littafin rajista. Saboda haka muna roƙon fastoci da dattawa su kwafe littattafan baftisma da na aure, a ɗauki hotonsu da waya shafi shafi, a ajiye ɗaya a gunduma ɗaya a hedkwata.

Muna iya koyi da mutanen Hernhut. Al'adarsu ce kowane mai bi ya rubuta labarin ransa, da yadda Ubangiji ya bi da shi, a karanta ranar jana'izarsa, kana a ajiye a ekklesiya. Saboda wannan har yau ana karanta shaidar manoma da masaƙa da gwauraye da suka rasu fiye da shekara 200 da suka wuce. Me zai hana matasanmu su zauna da tsofaffi su rubuta musu nasu?

Gargaɗi

Akwai haɗari cikin wannan aiki, dole mu faɗe shi. Bulus ya gargaɗi Timoti da Titus a kan gardamar asali wadda ba ta gina kowa. Ya kuma tsauta wa Korantiyawa domin kowa yana fahariya da sunan wanda ya koya masa, ya tambaye su ko an raba Kristi ne. Idan bincike ya nuna an yayyafa wa kakanka ruwa yana jariri, kai kuwa nutsar da kai aka yi, kada ka rena shi. Idan ya nuna kakanka na cikin masu bi na fari a garinsu, kada ka ɗaga kai bisa wanda shi ne na fari a gidansu. Kakannin waɗannan rassa sun tsananta wa juna a Turai har da zub da jini. Jikokinsu kuwa sun zauna a teburi ɗaya a ƙasarmu, suka kafa tarayya ɗaya, suka koyar da fastoci a makaranta ɗaya a Bukuru. Tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Muna koyon bambancin domin mu san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa, mu kuma gode wa Allah saboda waɗanda suka riga mu. Bangaskiyar kaka ba ta ceton jika. Kowa sai ya karɓi Yesu Kristi da kansa.

Tambayoyi domin aji

1. Waɗanne rassa ne suke yi wa jarirai baftisma, waɗanne ne kuma ba su yi? Yaya wannan ya shafi littattafan da suke ajiyewa?

2. Me ya sa kalmar Ebanjelika da kalmar 'Yan'uwa ba su isa su nuna ekklesiyar mutum ba?

3. Idan katin baftisma ya ce EKAS Lardin Gabas, ina za a aika wasiƙa? Idan ya ce Muri fa?

4. Wane ne mai bi na fari a gidanku, ta bakin wa ya ji bishara, a wane gari?

5. Ina littafin rajistar ekklesiyarku yake kwana, akwai kuma kwafinsa a wani wuri?

Aikin wannan wata

Kowane gida ya buɗe shafin fari na Littafi Mai Tsarki, ya rubuta sunan uba da uwa da kakanni, da garinsu, da ekklesiyarsu, da shekarar baftismarsu in an sani. A rubuta na yara a ƙarƙashi. A kawo ranar Lahadi ta ƙarshen wata a nuna wa malamin aji. Sa'an nan a yi addu'a tare, a gode wa Ubangiji saboda waɗanda suka kawo mana Maganarsa, a roƙe shi kuma ya sa 'ya'yanmu su riƙe ta bayanmu. Amin.